Na'urar Raɗa

Ƙafata nauyi gare ta a kan totur, kuma gado na yi. Baba ya fi shekara talatin yana jan tirela tsakanin Kano da kudu, shi ya koya mini tuƙi a wani filin ƙwallo tun ina sakandare, 'yan uwansa suna ta surutu yana yi musu kunnen uwar shegu. Da na samu aiki a Dubai, a wani kamfani mai raba wa ƙananan asibitoci kayan gwajin jini, tuƙin nan ne ya ba ni gurbin. Takardun da nake taƙama da su ko buɗe su ba a yi ba. Kullum da safe in loda kwalaye a sitonmu na Al Qusais, in wuni ina zaga gari.

Titunan garin nan yaudara gare su. Ba rami, ba akuya, ba mai keke da zai faɗo maka. Kana tafe lafiya lau sai ka ga walƙiyar kyamara, kafin ka isa inda za ka saƙon tara ya shiga waya. Motar ta kamfani ce, saboda haka wayar manajanmu saƙon yake shiga. Ran nan ya kira ni ofis ya ce in aka ƙara ɗauka ta sau ɗaya kafin ƙarshen shekara, in ajiye masa makulli. Ajiye makulli kuwa ajiye aiki ne, ga bizata a hannunsu take. Na fito ina huci, amma a ƙasan hucin tsoro ne zalla.

Wata Hajiya 'yar unguwarmu da ke zuwa sarin atamfa da takalma a Murshid Bazaar ita ta ba ni shawara. Na same ta zaune a kan dila ana ɗaure mata kaya, na zayyane mata damuwata.

Ta ce, "Ke ma dai kin cika sanya. Akwai wani ɗan abu da ake maƙalawa a gilas, da ya hango kyamara sai ya yi ƙara. Yalla, tashi mu je."

Ta ja ni wani lungu a Deira, shagon kayan mota. Mai shagon ya dubi ƙofa sau biyu kafin ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya fito da iri uku. Wannan dube-duben nasa ya isa ya gaya mini abin da nake saye, amma na kau da kai. Akwai babba mai fitilu kamar rediyo, akwai mai magana da Turanci. Na zaɓi ƙaramin, wanda bai fi akwatin ashana biyu ba, don zai ɓuya a bayan madubi.

A satin ne Baba ya zo, za a cire masa yanar ido. Bayan aikin da kwana biyu, ranar Asabar da hantsi, na sauka wajen ajiye motoci na gidanmu zan ɗaura abin. Sai ga shi ya biyo ni da bandeji a ido ɗaya, wai zaman ɗaki ya ishe shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, me ake haɗawa?"

"Na'urar rada ce, Baba."

Sunanta ke nan da Turanci, yadda na ji ana faɗa. Shi kuwa kunnensa raɗa ya jiyo.

"Raɗa? Wa take yi wa raɗar?"

Na buɗe baki zan gyara masa, sai na ga ai bai yi kuskure sosai ba. Na ce ni take yi wa, in akwai kyamara a gaba. Fuskarsa ta washe. Ya ce a zamaninsu ma akwai raɗa a hanya: direban da ke tahowa zai ƙyafta maka fitila sau biyu, ya nuna ƙasa da yatsa, ka san akwai shinge a gaba. Ya karɓe aikin daga hannuna. Ya aike ni sama na ɗauko cokali, da bayansa ya riƙa cusa wayar a gefen rufin motar, ya biyo da ita ta jikin ƙofa har ramin kunna sigari. Da ido ɗaya ya yi aikin, ko alamar waya ba ka gani.

Muka fita gwaji. Ko kwanar gidanmu ba mu sha ba abin ya tsala ihu. Na taka birki har Baba ya dafe gaba. Ba kyamara, kantin magani ne mai ƙofar nan da ke buɗe kanta. Muka wuce babban kanti, ya sake. Gidan mai, ya sake. Kafin mu kai Al Muraqqabat ya yi mana kururuwa ta fi goma, duk a kan ƙofofin mutane.

Baba ya ce, "Uwata, wannan ai sanƙira kika sayo. Ina raɗar?"

Haushi ya hana ni dariya. Na ce bari mu hau babban titi, can ne aikinsa. Muka hau, abin ya yi tsit, ni kuma hankalina ya kwanta tunda ga mai gadi a bayan madubi. Baba ya kwantar da kai a kujera, ya rufe idon mai lafiyar saboda hasken rana. Na ɗauka barci yake. Can sai na ji ya ce, ƙasa-ƙasa:

"Sauke ƙafa. Kin wuce."

Na dubi maleji. Wallahi na wuce, kuma ba kaɗan ba. Na ɗaga ƙafa, motar ta lafa, sai ga sandar kyamara a tsakiyar titi, muka gifta ta ba walƙiya. Na'urar ko tari ba ta yi ba. Saura ƙiris da ranar Litinin in miƙa makulli.

Na samu wuri na tsaya. Na ce, "Baba, ido a rufe, ya aka yi ka sani?"

Ya ce malejin tirelarsa ya mutu tun kafin a yaye ni, bai taɓa gyarawa ba. Taya tana da murya, iska ma haka, kuma kowane gudu da irin kukansa. Sannan ya buɗe idon ya kalli madubi.

"In tambaye ki. Me ya sa muka ɓoye ta?"

Na sunkuyar da kai na ce hukuma ta hana. In aka kama ta a motar kamfani, ko ƙarshen shekarar ba zan gani ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Hannu kawai ya miƙo ya ce in ba shi cokalinsa. A nan bakin titi ya zare wayar da ya ɓata hantsi yana cusawa.

Sati uku ya yi kafin likita ya sallame shi, kuma duk ranar da ba aiki muna kan titi. Ya hana ni rediyo, ya hana ni waya. Sai in ɗora motar daidai kan ƙa'ida ya ce in saurara, in ƙara kaɗan ya ce in sake saurara. Da farko ba na jin komai sai na'urar sanyaya mota. Na yi mita, na ce ni ba tirela nake ja ba. A sati na biyu na fara jin wani siririn fito daga gefen gilas, wanda ba ya zuwa sai na zarce. Ranar da na riga shi ɗaga ƙafa, gyaran murya kawai ya yi, ni kuwa daɗi kamar an ba ni kujerar Makka.

Ya koma Kano da idonsa tangaran. Shekara ta ƙare, saƙo ko ɗaya bai shiga wayar manaja ba, aka sabunta mini kwantiragi. Daga wajen ajiye motoci na kira Baba, makullin yana hannuna. Na gaya masa, ya yi hamdala, ya tambayi zafin gari, sannan ya ce:

"To, ya raɗa? Tana aiki?"

Na'urar tana can ƙasan akwatina tare da wayarta a naɗe, ya kuma sani. Na ce, "Tana aiki, Baba. Kullum da muryarka take yi."