Kocin da Ya Zaɓi Ƙafa a Kan Kofi

Kullum da an sallame asuba, Malam Ƙasim yakan hau tsohon kekensa ya nufi filin makarantar garinmu da ke mazaɓar Garo. Kafin kowa ya iso ya zagaye filin da ƙafa, yana tsince ƙaya da fasassun kwalabe, yana cike ramukan da shanu suka tattaka. Shekara talatin ke nan yana koyar da motsa jiki a makaranta, yana kuma horar da ƙungiyar ƙwallon gari. A ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma har yau ban ji wanda ya ce a taru a gode masa ba. Abin ya ishe ni, shi ya sa na ɗauki biro.

Ba zan ɓoye ba, mutum ne mai gajiyar da mutane. Samari sun zo da ɗokin buga ƙwallo, shi kuwa sai an yi minti goma sha biyar ana sassarfa da miƙe jijiyoyi tukuna. Bayan gudu sai ya ce kowa ya ɗora yatsu biyu a wuya ya ƙirga bugun zuciyarsa, wanda nasa bai sauko da wuri ba ya koma inuwa. Mun taso ana ce mana shan ruwa a tsakiyar wasa yana sa nauyin jiki, shi ya zo ya dasa randa a gindin darbejiya, ya ce wanda bai sha ba ba zai koma fili ba. Da tsuke bakin aljihu ya hana makaranta ko da ƙwallo ɗaya sabuwa, sai ya cika gwangwanayen madara da siminti, su ne ƙarfen ɗagawarmu. Da Shari'a ta zo, wasu suka ce a rufe filin don 'yan wasa na nuna cinya. Bai yi musu da kowa ba. Ya kai wa tela tsofaffin wanduna aka ƙara musu tsawo har ƙasan gwiwa, ya kuma ja lokacin atisaye yadda za a tashi kafin kiran magariba.

Duk wannan an manta. Abu ɗaya ake tunawa da shi: wai shi ne ya jawo mana asarar kofi.

Ga yadda aka yi, kuma ina wurin, don ni ne sakataren ƙungiya a lokacin. Shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a muka kai wasan ƙarshe na gasar cin kofi, mu da ƙungiyar garin Durun, karo na farko a tarihinmu. Saura kwana uku, Nasir, wanda shi ne mai ci mana ƙwallaye, ya gurɗe a idon sawu. Kafin la'asar ƙafar ta kumbura kamar tulu. Alhaji Maikuɗi, uban ƙungiya mai saya mana riguna, ya iso da tafasasshen ruwa da man zafi da mai gyaran targaɗe. Haka muka saba tun kakanni: a gasa, a murza, a ja har sai ta yi ƙara, mutum ya cije ya miƙe.

Malam Ƙasim ya tsaya a tsakaninsu da Nasir.

“Alhaji, don Allah a dakata. Zafi ƙara kumburin zai yi. Kuma nan da na taɓa ya yi ihu, ba jijiya ba ce, ƙashi ne.”

“Haba Malam! Mu da muka yi dambe da kokawa, da ruwan zafin nan aka gyara mu. Ko mun mutu?”

“Ba ku mutu ba, ranka ya daɗe. Amma rabonka da durƙuso ba ka dafa bango ba fa?”

Ya tsoma ƙafar a ruwan randa, don garin da ba wuta ina zai ga ƙanƙara, ya naɗe ta da bandeji, ya ɗora ta a kan buhu. Ya ce Nasir ba zai buga ba. Shi kansa Nasir kuka ya yi, yana cewa, “Malam, rabin lokaci kawai, wallahi zan iya.” Malam ya ce, “Na san za ka iya. Abin da zai biyo baya ne ba za ka iya ba.”

Durun suka ci mu biyu da ɗaya. Tun daga fili aka fara yi masa ihu. A majalisa aka ce an saye shi, don matarsa 'yar Durun ce. Wasu suka daina amsa sallamarsa. Aka rubuta takarda, aka cire shi daga ƙungiya har shekara biyu, amma ko kwana ɗaya bai fasa zuwa fili ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, washegarin wasan ya goya Nasir a babur ɗin aro zuwa asibiti a Gwarzo, hoto ya nuna ƙashin ya tsage. Likita ya ce da ya yi gudu a kanta, da wuya ya sake takawa daidai. Kowa ya ji wannan labari, amma ba wanda ya koma ya janye maganarsa. Mako takwas Malam yana zuwa gidan su Nasir, yana koya masa tsayuwa da ƙafa ɗaya, sannan tafiya a cikin yashi, sannan sassarfa. Yau Nasir shi ke noma gonar mahaifinsa, shi ke ciyar da gidansu, kuma har yanzu yana buga ƙwallo ranar Juma'a. Muna kallonsa muna tafi, sannan mu juya mu ce ai da Malam Ƙasim ya bar shi, da kofi yana garin nan. Wai mu wane irin mutane ne?

Malam, kai ne ka yarda gari ya tsane ka don ɗan wani ya tsira da ƙafarsa. Kai ne mai taurin kai a inda ya dace. Kuma takardar nan da aka cire ka da ita, da hannuna na rubuta ta. Har ƙawata ta na yi da manyan kalmomi, ina jin kaina.

Makon jiya na je gidansa neman gafara. Na yi ta kame-kame a zaure, da ƙyar na fitar da maganar. Ya ce, “Ashiru, ai tun ranar na gane rubutunka. Na yafe tuntuni.” Na miƙe zan tafi, kunya ta cika ni, sai na ji ya ce, “Dawo. Tafiyar nan taka ban yarda da ita ba, kana jingina a ƙafar hagu. Zauna in gani.”

Na zauna, ya durƙusa da furfurarsa yana lallatsa mini gwiwa, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Mun gode, Malam Ƙasim. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya irin wadda ka tsare wa 'ya'yanmu. Ku masu horar da samari a Kabo da Gwarzo, in ranar ta zo muku, ku zaunar da mai rauni ko da gari zai zage ku. Ku kuma mutanen garinmu, gidansa ba nisa, kuma na riga na share muku hanya. Ku je tun yana da rai.