Gawar da Ilu Baduku Ya Kawo Yakasai

Ilu baduku ne a Kasuwar Kurmi, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa a Yakasai, kuma ban taɓa ganin mutumin da kunya ta wahalar kamarsa ba. In babba yana magana, ko rigarsa ce ta kama da wuta ba zai katse shi ba. Ni haushi abin yake ba ni, matarsa Hassana kuwa ta ce haka ta same shi.

Ban da jaka da takalmi, yana murza tsirkiya da hanjin tunkiya. Ita ta haɗa shi da makaɗan wani otal a Sabon Gari, samari masu kiɗan Amurka irin wanda ake shafe gashi da mai ana karkaɗa gwiwa kamar an taka garwashi. A cikinsu akwai Okwudili, ɗan Ibo, mai wani ƙaton goge da ya fi mutum tsawo. Shi ba goga shi yake ba, hagu ta danne tsirkiya a wuya, dama ta yi ta zabga mata mari. Kullum sai ya tsinka, Ilu ya murza masa sabuwa. Ilu yakan ce wannan ba kiɗa ba ne, faɗa ne, amma sun yi shekaru suna raba goro.

Da rikicin sittin da shida ya ɓarke, Okwudili ya samu motar Gabas, direba ya ce ko shi ko gogen. Okwudili ya kama hannun Ilu ya ce ya bar masa gogen amana.

A kwanakin nan duk wanda aka gani da kayan Sabon Gari, ko a kira shi ɓarawo ko a farfasa kayan. Sai Ilu ya naɗe gogen da farin yadi, ya rufa tabarma, ya ɗora a kan ƙyaure, shi da ƙanensa Musa suka ɗauka. Suna shiga Ƙofar Mata dattawan da ke zaune suka miƙe suna salati. Ai ba a ganin gawa a bar ladanta ya wuce. Wani tsoho ya ture Musa ya sa kafaɗa. Ilu ya buɗe baki zai yi bayani, tsohon ya ce ya yi haƙuri, duk mai rai mamaci ne. Ilu ya ja bakinsa ya rufe.

Kafin a kai Yakasai jama'a ta cika lungu, ana ta karɓa-karɓa. Wani ya ce mamacin akwai tumbi amma ba nauyi, alamar zunubinsa kaɗan ne. Hassana ta leƙo ta ga mijinta da ransa, Musa da ransa, duk da haka ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka, ta ce za ta tambayi ko waye daga baya.

Wajen saukewa a zaure ƙyauren ya bugi bango, gawa ta ce dummm. Rabin masu neman lada suka bar takalmansu. Liman Malam Shehu ne kawai bai motsa ba, shi ma ciwon gwiwa ne ya riƙe shi. Ya yaye tabarmar, ya dubi Ilu, Ilu ya faɗi komai kansa a ƙasa. Nan wani mai zafin kai ya ce kayan shaiɗan ne, kuma an san na su wa ne, a kawo taɓarya. Bai rufe baki ba Ilu ya kwanta a kan gogen.

"Sai dai a fasa mu tare," ya ce.

Liman ya ce shi ba ya yabon kiɗan, amma ba a tambayar amana garinsu, kowa ya nemi takalminsa.

Duk tsawon yaƙin basasa gogen yana tsaye a ɗakin Hassana, tana rataye zannuwa a wuyansa, Ilu yana shafa wa tsirkiyar mai don kada ta bushe. Da aka gama yaƙi ya dinga rufe rumfa da wuri yana zuwa tasha duba masu dawowa, har muka fara yi masa dariya.

Da damina Okwudili ya yi sallama. Ya rame, hannun rigarsa na dama a ninke, an maƙale shi da fil a gwiwar hannu. Aka fito da gogen tsakar gida, ni ina leƙe ta kan katanga. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce Ilu ya ba duk wanda yake so, shi ya gama.

Ilu ya tsayar da gogen, ya kama hagun Okwudili ya ɗora a wuyan gogen, ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya waiga ya tabbatar ba babba a zaure.

"Danna," ya ce. "Ni zan mara."

Wallahi kiɗan bai yi daɗi ba, kajin Hassana ma guduwa suka yi. Amma ni kuka ya hana ni sauka daga kan turmin da na taka, su kuma ba su tsaya ba sai da aka kira la'asar.