Allurai a Cikin Awara

A shekarun da muka zauna a unguwar Bani Harisa a Madina, ɗinki nake yi a cikin gida, maigidana kuma yana tuƙa motar wani kantin magani a titin Sultana. Ni mace ce mai yawan wasiwasi. Nakan sake alwala don kawai ban tabbata na wanke gwiwar hannu ba. Kuma kullum gargaɗin maigida yana kunnena: mu Takari a Madina, abin da aka fi saurin jingina mana shi ne sihiri, kuma wanda aka jingina wa, ko ya tsira da ransa ba zai tsira da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ba.

A saman benenmu akwai wata 'yar Japan da ta musulunta, mijinta yana karatu a jami'a. Awara ce ta haɗa mu. Alhazai sun kawo mini waken suya daga gida, na yi, ƙamshin ya hau sama, sai ga ta a bakin ƙofa idonta ya cika da hawaye. Da guntun Larabcinta ta ce abincin garinsu ne. Daga nan ta riƙa saukowa tana taya ni kalmasa bakin abaya. Abu ɗaya na lura da shi: in allura ta karye, ba ta bari in jefar. Sai ta tsince ta saka a wani ɗan gwangwani.

Wata safiya cikin sanyi ta roƙe ni yankan awara ɗanya, wadda ba a soya ba. Na ba ta a faranti na koma kicin. Da na fito, farantin yana kan kekena, ta soke karyayyun alluran nan duka a jikin awarar, a jere.

A garinmu duk abin da aka gani an soke da allurai, an san me ake nufi da shi.

"Ukhti, mene ne wannan? Wa kike nufi da shi?"

Ba ta ma gane tsorona ba. Ta ce kakarta ma ɗinki take yi, kuma a irin wannan lokaci na shekara matan garinsu sukan tara alluran da suka karye. Allura ta gama rayuwarta tana ratsa abu mai tauri, sai a kwantar da ita a mai laushi, a yi mata godiya. Ta ce a tsohon addininsu akwai abin da suke kira kami, yana zaune a dutse, a kogi, a tsohuwar bishiya. Akwai kuma tamashii, kamar ruhin da ke jikin mutum, kuma tsofaffinsu suna cewa kayan aikin da ya daɗe a hannu shi ma yakan samu nasa.

"Aljanu ke nan," na ce.

"La, a'a. Ba masu cutarwa ba."

"Namu ma ba duka ke cutarwa ba. Ke dai faɗa mini, kin yarda allura tana jin ki?"

Ta yi kalmar shahada, ta ce ta bar wannan tun da ta musulunta. Kakarta kawai take tunawa.

Ina shirin cewa ta kwashe abin ta hau da shi sama, aka buga ƙofa. Uwargidan mai benen ce, Balarabiya, ta zo karɓar abayarta. Ba ta jiran a ce ta shigo. Mijinta ya taɓa tare maigidana a kan turaren wutar da nake yi, wai me muke ƙonawa haka. Na jawo wani ƙyalle na rufe farantin.

Ta zauna dab da keken. Ta gwada hannun abayar, ta yi ƙorafin tsawo, idonta kuwa yana kan ƙyallen.

"Ya Hajja, me kike ɓoye mini? Abincin naku ne ba a ba baƙo?"

Ta ɗage ƙyallen da kanta.

Ta ce a'uzu billahi, ta ja kujerarta baya. Maƙwabciyata ta fara bayani, Larabcin ya watse mata, sai kalmar kami take ta maimaitawa, abin da ya ƙara ɓata lamarin. Matar ko kallonta ba ta yi ba. Ni take kallo.

"Wa aka yi wa? Ni? 'Ya'yana?"

A raina na ga motar hukuma a ƙofar gida, na ga maigida ana tasa ƙeyarsa. Sai na tuna yadda ake yi a gida: wanda aka zarga da sa wani abu a abinci, shi yake fara ci. Amma in an ambaci sunan wani abin bauta a kanta fa? Na juya ga maƙwabciyata.

"Don girman Allah, da kike sokawa, sunan wa kika kira?"

"Bismillah na ce. Wallahi shi kaɗai."

Na zare alluran ɗaya bayan ɗaya na zuba a gwangwanin. Na yi bisimilla da ƙarfi, na gutsuri awarar na tauna a hankali, ina laluben ƙarfe da harshe. Ɗanya ce, ba gishiri. Maƙwabciyata ta miƙo hannu ta ɗauki sauran ta cinye.

Matar ta daɗe tana kallon bakinmu. Can ta ce, "Majanin, ku duka biyun mahaukata ne. Ku nemi matashin allura kamar kowa." Ta miƙo mini abayar. "Rage hannun nan. Ba zan gaya wa uban 'ya'yana ba, amma kada in sake gani."

Ba ta gaya masa ba, don mun ci gaba da zama a benen har maigida ya sauya aiki. Maƙwabciyata ta tafi da gwangwaninta, ban tambaye ta inda ta kai shi ba. Ni kuwa na yi makonni ina taɓa cikina, duk ɗan abin da ya motsa sai in ce tsinin allura ne. Na kuma yi ta istigfari, ko da an kira wani suna a zuci ban ji ba.