Fuskarsa Yamma

Shekarar da Kawu Sale ya shiga soja, farkon yaƙin basasa, kakarmu Inna Delu ta daina yi mana Gizo da Ƙoƙi. Bayan magariba mukan kewaye wutar kara a gidanmu na Bakori muna ɓarar gyaɗa, mu yi ta roƙo, ita kuwa tatsuniya ɗaya ta rage mata. Ko "ga ta nan" ba ta cewa.

Wai wani manomi ne Turawa suka ɗauka yaƙin Bama, ya bar mata da goyo. Can ya mutu. Aka sa shi a wata 'yar maƙabarta a gindin tudu, fararen duwatsu a jere, kowane da sunan mai shi, ana share wurin kullum. Abokinsa da ya dawo ya zo wa matar gaisuwa, ya ce ta kwantar da hankalinta, da hannunsa ya kwantar da shi, ya juya fuskarsa mafaɗar rana.

"Yamma fa, 'ya'yan nan," in ji Inna. "Mutum mai salla, an ba shi dutse an hana shi alƙibla."

Ba ta kuka. Yadda take lissafa kayan miya haka take faɗi, hannunta na ɓara. Mu ma ba ma jin komai sai gundura, har ƙanwata Ladi takan ce, "Inna, ba kura a ciki?" Sai da na yi wayo na gane manomin kakanmu ne, goyon kuma Kawu. Duk wasiƙar da malamin makaranta ya rubuta mata zuwa ga Kawu a bakin daga, saƙon ƙarshe ɗaya ne: ya gaya wa abokansa, in ta Allah ta kasance, su juya fuskarsa gabas.

Kawu ya dawo da ransa. Inna ta rasu da daminar da ta biyo.

Ina kwalejin horon malamai aka shimfiɗa mana taswirar duniya. Na ɗora yatsa a kan ƙasar Bama, can gaba da Indiya, na ja shi zuwa Makka, sai na ga yamma ya nufa. Ashe abokin nan daidai ya yi. Shekara ashirin da wani abu tana ɗauke da abin da bai faru ba. Ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba, na dai zauna.

Da hutu na tafi maƙabartar garinmu in gaya mata. Ruwa ya baje kaburburan, ciyawa ta rufe su. Shi kakanmu yana can da sunansa a dutse. Ita na rasa wanne ne nata.