Masu Haya a Tsamiyar Inna

Shekarar da aka kai ni koyar da ilimin halittu a kolejin Kore Mairuwa, mu uku ne a gida: ni, maigidana mai shagon kayan moto, wato babur, da mahaifiyarsa, Inna. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Ko suna tabarma ɗaya sai ta dube ni ta ce, "Gaya ma wancan tuwo na hucewa." Ni kuwa in juya in gaya wa mutumin da ya riga ya ji.

Abu biyu Inna ke ji da su. Na farko damin irin gero da ke cikin rumbu, irin mahaifinta da ta taso da shi daga Matankari, mai nuna da wuri ko damina ta yi rowa. Kowace kaka da hannunta take zaɓen zangarniyar da za a aje, kuma duk garin babu mai irinsa. Na biyu tsohuwar tsamiyar bayan gida, wadda ta ce akwai doguwa a cikinta, har takan zuba mata nono a gindi.

To, a shekarar nan ne maigida ya fara zama wurin masu wa'azi. Gemu ya sauko, wando ya ɗage, tsamiya ta tsone masa ido.

"Gaya mata zuba nonon nan shirka ne. Sare ta zan yi."

"Gaya ma wancan, nan ya tarad da ita."

Na ce ni ban san zancen doguwa ba, amma na san masu haya a itacen nan: jemagu a sama, ƙadangaru a jiki, mujiya biyu a kogo. Na ɗauki tsinke na zana masa a ƙasa yadda nake zana wa ɗalibai a allo: gero na ciyar da kusu, wato ɓera, kusu na ciyar da mujiya, ka cire ɗaya sauran su rikice. Ya dubi zanen ya ce, "Madam, a bar karatun boko a lakwal." Haushi ya sa ran nan na ƙona miya, kuma da gangan.

Ya kawo masu gatari suka kayar da ita. Masu haya kowa ya kama gabansa.

Na sha gaya wa yara cewa in abinci ya wadata, mai farauta kuma ya kau, yawan dabba sai ya hau babu birki. Ban taɓa zaton za a gwada mini darasin a ɗakina ba. Kafin zafi ya kama sosai, kusa, ɓerayen nan, sun mai da gidan nasu. Suka ci sabulu, suka ci takardun jarrabawar ɗalibaina har da makin, suka huda sirdin moto. Wandon maigida da ke rataye suka bi bakinsa suka ƙara ɗage masa shi.

"Gaya ma wancan, mai tsamiyar ta aiko da gaisuwa," in ji Inna.

"Gaya mata jarrabawa ce daga Allah."

"Mujiya ce kuka kora!" na faɗa da ƙarfi. Suka dube ni tare, kamar ni ce mai taɓin hankali. Tun da na shigo gidan, ran nan kaɗai na ga bakinsu ya zo ɗaya.

Maigida ya kawo kyanwa. Kyanwa ta duba kusa, ta duba ƴan tsakina, ta zaɓi mai sauƙi. Ya sa guba, kyanwar ta ci kusun da ya ci gubar, ta bi shi lahira. Sai maciji ya biyo ƙanshin kusa har makewayi, da rana tsaka, maigida ya fito a guje da buta a hannu yana salati, takalmi ɗaya a ƙafa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Ashe mujiyoyin ba su yi nisa ba, ƙarƙashin rufin ƴar majami'ar unguwa suka tare. Maƙwabcinmu Kirista mai kula da wurin, rumbunsa lafiya lau. Maigida ya haɗiye girman kai ya je ya tambaye shi ko za a iya kamo su a mayar. Mutumin ya ce, "Malam, mu ba mu korar baƙo. Amma in ka mai da musu ɗakinsu, ba mu hana su tafiya."

Da shamuwa ta iso, hadari ya fara haɗuwa, Inna ta ce a sauko da iri. Maigida ya hau rumbu ya ɗaga murfi. Abin da ya miƙo kara ne tsirara, da ƙaiƙayi, da kashin kusa.

Dariyata ta ɗauke. Inna ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mana sauƙi. Ta ɗauki faifai ta zauna tana sheƙe dattin nan a hankali, tana tsintar ƙwaya ɗai-ɗai. Abin da ta samu bai cika tafin hannu ba. Tausayinta ya kama ni har na yi hawaye. Na matsa kusa ina jiran saƙon da za ta ba ni in kai.

Ba ta dube ni ba. Ɗanta ta duba, ido cikin ido.

"Ungo," ta ce masa. "Kai za ka shibka shi."

Ya durƙusa ya tara hannu biyu.

A bayan gida ya shuka shi, ya kewaye da ƙaya, ya tsare shi da kansa har ya nuna. Kusa da kututturen kuma ya dasa ƴar tsamiya, yana ba ta ruwan alwalarsa. Wai don inuwa. Inna ta gani, ta koma halinta ta juyo gare ni.

"Gaya ma wancan ya riƙa ba ta ruwa sosai. Tsamiya ba ta sauri, ni ba zan sha inuwarta ba."