Gizagon Labbo

Shekara talatin da ɗaya Labbo masassaƙi ya yi yana fafe turmi a Bungudu da gizago ɗaya, na ƙarfen tama, wanda ya gada wurin mahaifinsa. Ƙota bakwai ya sake masa. A bazarar 1975 bakin gizagon ya dare gida biyu, ga gungumen kirya uku da ya kayar suna kwance a ƙofar gida. Kirya kuwa ɗanya ake fafe ta. In ta bushe, sai dai ta ci bakin ƙarfe.

Ya fara da Gusau. A Sabon Gari ya ɗaga gizago goma sha ɗaya, kowanne ya ƙwanƙwasa shi da ɗan dutse ya kai kunne.

"Na sifirin mota ne, Baba, sabo fil," in ji mai rumfar.

"To mayar wa motar abinta."

Kwana tara da saran kirya, ya hau akori-kura zuwa Tsafe. Can ƙarshen kasuwa, cikin tarin tsofaffin kwasa da lauje, ya tsinci abin da yake nema: baƙi, mai nauyi, tsatsa ta rufe shi, bakinsa a lanƙwashe kamar cokali, daidai cikin turmi. Sau uku ya ƙwanƙwasa, sau uku ya ji amo irin na gizagon mahaifinsa. A hanyar dawowa ko cikin buhu bai yarda ya sa shi ba.

Dutsen washinsa ya ƙwaƙule, don haka ya biya ta maƙerar taubashinsa Sabiru, ya tarar da fartanya ta fi ashirin tana jiran layi, damina ta ƙarato.

"Taɓa min bakin wanga kafin in dawo daga azahar."

Labbo washi yake nufi, a goga a dutse. Sabiru kuwa a wurinsa taɓa baki kuɗa ne: a sa a wuta, a daka a uwar maƙera. Da Labbo ya dawo sai ya tarar da gizagon ya miƙe sumul, baki shimfiɗe kamar na fartanya.

"Mi ka yi mishi?"

"Karkace ya yi, na miƙe ma shi. Ba ka ko gode ba?"

"Karkacen na tafi Tsafe saye, ƙaton banza."

Sabiru ya ce zai mayar. Sau huɗu yana kai shi wuta, a na biyar bakin ya tsage.

Labbo ya koma Tsafe kasuwa biyu a jere, bai sami ko mai kama da shi ba. Ran kwana ashirin da shida ya gwada na sifirin mota da ya aro, sara shida gizagon yana tsalle a kan kirya kamar an daki dutse. Ya ajiye.

Da yamma Sabiru ya zo, ya zagaya gungumen nan uku, ya ƙwanƙwasa ɗaya da ƙafa.

"Sun bushe ƙwarai. Ka san ba gawayin da ya kai na kirya a maƙera."

Labbo ya ce, "Ɗauki biyu. Ɗayan a kai zan zauna in riƙa zaginka."