Musayar Taya a Toledo

A shagon tsofaffin tayoyi na Lonzo, nan Toledo, wata dattijuwa tana tsugune tana latsa wata ƙaramar tayar ko-ta-kwana ta shagon da babban yatsa. Rigarta tsaf, irin ta wadda ta daɗe tana aikin ofis. Babbar tayarta ta ko-ta-kwana lafiyayya ta kawo musaya da wannan.

Ina jiran tawa tayar, tana buɗe but ɗin motarta na ga dalili: bargo, tukunya, hotunan jikoki. Motar ce gidanta yanzu, wurin ajiya take nema a but. Ina jin 'ya'yanta ba su sani ba. Ko kuwa sun sani.

"Mama, wannan fa ba ta wuce mil hamsin," in ji Lonzo.

Ta cusa tayar ƙarƙashin bargon. "Ɗana, wa ke jirana a mil hamsin da ɗaya?"